Leda a Tumbin Saniya, Ƙwaya a Aljihun Direba: Wace Irin Doka Ce Za Ta Kai Dosara?

Hantsi bai gama dubawa ba mahauta suka kammala fiɗa. Ina tsaye a gefen wata mayanka a ƙasar Mafara ina jiran a yankar mini nama, sai na ga wani dattijon mahauci ya dakata da farkar tumbin saniya, ya yafito yaronsa ya zo ya kama masa. Su biyu suka jawo wani dunƙule baƙi ƙirin mai nauyi. Da aka kwara masa ruwa sai abin ya bayyana: baƙar leda, farar leda, ledar ruwa, guntayen igiyar buhu, duk sun murɗe sun cure kamar gammo. Na ce, "Baba, wannan fa?" Ya ce, "Ɗana, shi ya ramar da ita. Mai ita ya yi ta zuba mata dusa da harawa ba ta ƙiba, har ya gaji ya karyar."

A makon nan dai na shiga motar Gusau daga Talata Mafara. Kafin a gama lodi na ga direbanmu a teburin mai shayi, ya kwance wata 'yar leda da aka ƙulle, ya watsa ƙwayoyi biyu a baki, ya kora da shayi, ya yar da ledar iska ta ɗauke ta. Ba mu yi nisa ba ya fara tsere da wata tirela. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah, rayuka ka ɗauko." Ya amsa mata ba tare da ya waiwayo ba: "Hajiya, in da sauran kwana ba abin da zai faru." Allah Ya kai mu lafiya, amma har muka sauka babu wanda ya ƙara cewa uffan, sai salati ƙasa-ƙasa.

Waɗannan abubuwa biyu, leda da tuƙi cikin maye, sun jima suna kai-kawo a zauren majalisu da teburin hukumomi a Najeriya. An rubuta ƙudurori, an yi sanarwa, an sa wa'adi an ɗage. Abin da ya dami mutumin Dosara shi ne ko akwai dokar da za ta sauko daga takarda ta iso gonarsa, da turkensa, da motar da yake shiga ranar kasuwa.

Ƙasar dam ɗaya da gwamnoni uku

Dosara na cikin ƙaramar hukumar Maradun, kuma da ita da Birnin Kaya suke mazaɓa guda. Maradun da Bakura da Talata Mafara kuwa ruwa ɗaya suke sha. Madatsar Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan Gulbin Sakkwato aka kammala a 1978, ita ce uwar noman rani a ƙananan hukumomin uku. Shinkafa, albasa, tumatir, dankali da masara duk daga hanyoyin ruwanta suke samun rai, kuma a 'yan shekarun nan shirin TRIMING da Bankin Duniya ya tallafa ya zuba kuɗi masu yawa wajen gyara su.

Yankin nan ya san doka, ya san masu yin ta. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, gwamnoni uku ne suka fito daga nan: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, da Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Ya kuma san ɗacin hukuncin da aka yanke daga sama ba tare da an saurari na ƙasa ba. Dattawa ba su manta da watan Afrilun 1980 ba, lokacin da manoman Bakolori da ke neman diyyar gonakinsu suka haɗu da bakin bindiga, aka rasa rayuka masu yawa. Matasa kuma suna tune da watan Satumbar 2021, da aka rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya saboda matsalar tsaro, ciniki ya tsaya cik. Duk wanda zai rubuta wa waɗannan mutane sabuwar doka, ya kamata ya fara da sanin cewa sun ga umarni iri-iri, sun kuma san wanda ya fi jin jiki idan an zartar.

Yadda leda ta kori ƙwarya

Masu shekaru hamsin zuwa sama sun ga lokacin da ake zuwa kasuwa da kwando ko sanho. Nono a ƙwarya yake, an rufe shi da faifai. Man gyaɗa sai ka zo da kwalbarka. Goro yana lulluɓe da ganyen fita, tsire a takarda, hatsi a taiki. Duk abin da ya tsufa a cikinsu, ƙasa ce ke cinye shi, ko gara, ko akuya, ba tare da ya bar illa ba.

Leda ta shigo da sauƙinta da arharta, kuma gaskiya ta yi wa mutane amfani. Ba ta yoyo, ba ta da nauyi, mai tebur yana bayar da ita kyauta. Ita ta sa aka iya tsinka kaya daidai aljihun talaka: sukari na naira hamsin, gishiri ƙulli guda, manja ludayi ɗaya. Ruwan leda ya zama abin dogaro a wuraren da famfo ya ƙafe ko ba a taɓa ja ba. Yau mutum zai sayi tumatir, attaruhu, albasa da daddawa, kowanne da ledarsa, sannan ya ce a ƙaro masa babba ya haɗa. Kafin ya gama girki leda biyar sun tafi juji.

Daga juji tafiyar take farawa. Da rani, idan ciyawa ta ƙare, dabbobin da aka saki suna bin bola suna lasar ledar da ke da gishiri ko maiƙo, su haɗiye ta. Cikin saniya ba ya narkar da ita. Sai ta taru a tumbi ta tare wa abinci wuri, dabba ta riƙa ramewa alhali cikinta a kumbure, nono ya ragu, wani lokaci ta faɗi. Mai turken da ya kashe kuɗinsa yana kiwon rago don Babbar Salla, shi ke kwana da wannan asara.

Manomi ma yana da rabonsa. Takin juji da ake kaiwa gona da amalanke yanzu a cakuɗe yake da leda. Idan aka yi huɗa ta shige ƙarƙashin ƙasa, ta hana saiwa ratsawa, ta hana ruwa sauka yadda ya kamata. Rana da iska suna yayyaga ta ta koma 'yan mitsi-mitsi, amma ba ta zama ƙasa. Wadda iska ta kwasa kuma, in ba ta maƙale a kan aduwa ko bagaruwa ba, sai ta faɗa hanyar ruwa. A tsarin ban ruwa irin na Bakolori, inda ruwa ke bi ta ƙananan ƙofofi da bututu kafin ya kai kowace gona, toshewar wuri ɗaya na nufin na ƙarshen layi ya yi ta jiran ruwan da ba zai iso ba. A cikin gari, lambatun da leda ta cushe shi ke tara ruwan da sauro ke hayayyafa, shi ke kuma juyo da ruwan sama cikin gidajen ƙasa a watan Agusta.

Har cikin ɗakin girki ta bi mu. Ana kunna gawayi da ita, uwa da goyo suna shaƙar baƙin hayaƙinta. Ana dafa alale a cikinta, ana naɗe malmalar tuwo da zafinsa a cikinta. Abu ne da muka saba da shi har idonmu ya daina ganinsa.

Dokokin da aka gwada

Ƙiyasin da hukumomi suka fi ambata shi ne Najeriya na fitar da sharar roba da leda kimanin tan miliyan 2.5 a shekara. A watan Mayun 2019 Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin hana amfani da jakar leda, wanda ya tanadi tarar naira 500,000 ko ɗaurin shekara 3 ga mutum, da tarar naira miliyan 5 ga kamfani. Wa'adin majalisa ta takwas ya ƙare a watan Yuni, ƙudurin bai zama doka ba. A watan Oktoban 2020 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan sharar roba, a watan Yunin 2024 kuma ta hana amfani da robar da ake yarwa bayan amfani ɗaya a ma'aikatun tarayya.

Jihar da ta fi kowa matsawa gaba ita ce Legas. A watan Janairun 2024 ta haramta farin mazubin abincin nan mai kama da soso, daga 1 ga Yulin 2025 kuma ta faɗaɗa hanin ya haɗa da kofuna da cokulan roba da siraran ledoji da kaurinsu bai kai maikiron 40 ba. Amma ta bar ruwan leda da gorar ruwa, domin ta san miliyoyin mutane da su suke kashe ƙishirwa. Wannan hikima ce da ya kamata a lura da ita.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu. Tun watan Nuwamban 2014 suke da dokar hana ƙerawa da shigowa da sayar da siraran ledoji. Duk da haka, wanda ya shiga kasuwar Maraɗi zai ga baƙar leda tana aikinta kamar yadda take yi a Gusau. Iyaka a buɗe take, kaya na kwarara, kuma ba a ba 'yar talla abin da za ta ƙulla gyaɗarta a ciki ba. Muritaniya ta hana leda a 2013, kuma cikin manyan dalilan da ta bayar akwai mutuwar shanu da tumaki a birnin Nuwakshot saboda cin ta, wato ciwon da mahaucin Mafara ya nuna mini. Ruwanda, wadda ta hana tun 2008, ta yi nasara domin ta tsare ƙofofin shigowa, ta kuma haɗa da aikin gayyar tsaftar gari na ƙarshen kowane wata. Kenya ta bi sahu a watan Agustan 2017 da hukunci mai tsanani, har ɗaurin shekara 4. Ayilan kuwa ba ta hana ba, haraji ta ɗora a kan kowace jaka a 2002, amfani da ita ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100.

Abin da waɗannan misalai ke koyarwa a fili yake. Inda aka tare leda a ƙofar shigowa aka kuma ba mutane madadi, doka ta yi aiki. Inda aka tsaya ga sanarwa, ta zauna a takarda.

Maye a bayan sitiyari

A batun giya, Zamfara ta daɗe da yanke hukunci. Ranar 27 ga Oktoba 1999 Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki ranar 27 ga Janairu 2000. Aka rufe mashaya, aka hana sayar da barasa, Hisba ta shiga sa ido. Wannan ya kawar da giya daga idon jama'a, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai maye ya sauya kama. Ya bar kwalbar da ake iya gani daga nesa, ya koma cikin abin da ake sakawa a aljihun gaba.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a watan Janairun 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 12 cikin 100, kimanin mutum miliyan 3. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan wani binciken BBC. Tiramol da likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100, amma wanda ke yawo a bayan fage ya kan kai 200 ko 225.

Direban da ke sha ba ya kiran abin maye. Cewa yake maganin gajiya ne, na ƙarfin aiki. Yana da balas ɗin da zai kai wa mai mota, mai ya yi tsada, kuma saboda halin tsaro kowa na son ya kai gida kafin duhu, don haka sawu uku ake so a matse cikin lokacin sawu biyu. Ƙwayar tana ɓoye masa gajiya, ba ta cire ta. Tana rage masa tsoro, ta ɓata masa awon tazara, tana iya kawo gyangyaɗi ko jijjiga irin ta farfaɗiya ba sallama. Ɗan kabu-kabun da ya goyo mace da 'ya'ya biyu zuwa Bakura a wannan hali, rayuka huɗu ya ɗora a kan ƙwaya biyu.

Titin da ya taso daga Gusau ya ratsa Bunguɗu, Maru da Talata Mafara ya nufi Sakkwato ba na 'yan jiha kaɗai ba ne. Tireloli da tankoki daga kudu suna bin sa dare da rana, direbobinmu na shanu da albasa su ma suna kwana a tashoshin da ake sayar da barasa a 'yan ƙananan ledoji da kuɗin da bai kai na shayi ba. A nan ne leda da maye suka zama abu guda. Tun 2018 hukumar NAFDAC ta yi yarjejeniya da masu masana'antu cewa za a daina zuba barasa a leda da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba, aka sa ƙarshen Janairun 2024. Da aka fara aiwatarwa sai ƙorafi ya yi yawa, aka ɗage zuwa ƙarshen Disambar 2025.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙidaya mutum 5,081 da suka mutu a titunan Najeriya a 2023, da 5,421 a 2024. Waɗannan su ne waɗanda labarinsu ya kai ofis. Wanda babur ya kayar a hanyar ƙauye aka yi masa sutura kafin la'asar, sau da yawa ba ya shiga lissafi. Ƙa'idar hukumar ita ce barasa kada ta wuce giram 0.05 a kowace mililita 100 ta jinin direba, kuma shekara da shekaru tarar tuƙi cikin maye a jadawalinta naira 5,000 ce, kuɗin da bai kai na cika tankin babur ba. Babban giɓin kuma shi ne na'urar da ake hurawa barasa kaɗai take ganewa. Wanda ya sha tiramol zai hura ya wuce. Ingila ta gane wannan, shi ya sa tun watan Maris na 2015 take da doka ta musamman kan tuƙi da ƙwaya a jiki, 'yan sanda na gwada yawun direba a bakin titi don gano wiwi da hodar ibilis.

Dokar da za ta dace da mu

Majalisar Dokokin Zamfara na da kujeru 24, kuma 5 daga ciki na Talata Mafara, Maradun da Bakura ne. Idan waɗannan wakilai suka haɗa kai, suna da muryar da za ta kai ƙuduri zauren majalisa. Abin da ake roƙo shi ne kada a kwafo na Legas ko na Kenya a sauya suna kawai.

A batun leda, a fara da mafi sirantarta, wadda ba ta yin amfani biyu. A tare ta a hannun manyan dillalai da motocin da ke sauke ta, domin su 'yan kaɗan ne kuma an san rumfunansu. Kada a ce za a bi 'yar talla ko tsohuwa mai daddawa da tara, wannan zalunci zai zama, kuma ƙofar cin hanci. A ba da wa'adi na gaskiya, shekara ko fiye, a yi shela a kasuwa da masallaci. Masu gidajen ruwan leda a ɗora musu nauyin karɓar ledarsu da suka sayar, su sa mata farashi ko yaya yake. Duk abin da ke da kuɗi ba ya kwana a ƙasa, 'yan gwangwan sun nuna mana haka da tsohon ƙarfe. Sannan a tallafi mata masu saƙar kaba da teloli masu ɗinka jakar buhu da ta atamfa, domin madadin leda yana hannunsu tuntuni. Hukumar tsaftar muhalli ta jiha, ZESA, da ƙungiyoyin masu amfani da ruwan Bakolori su raba aikin tsare hanyoyin ruwa, Kwalejin Aikin Gona da ke Bakura kuma ta riƙa ƙidayar dabbobin da ake samu da leda a mayanka, don a san girman asarar da alƙalami.

A batun tuƙi, doka ta ambaci maye gaba ɗaya, ko da me aka yi shi. A kai binciken tasha, kafin mota ta ɗaga, inda shugabannin ƙungiyar direbobi da 'yan kamasho suka san kowa da halinsa. Su ke rubuta layi, su za su iya hana wanda idonsa ya juya ɗaukar fasinja, kuma doka ta tambaye su idan suka ƙyale. Jami'an hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, ZAROTA, da na kiyaye haɗurra, da na hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, da Hisba su yi aiki a tebur ɗaya, da kayan gwaji na gaske. Hukunci ya taɓa lasisi da damar yin lodi, domin wannan ne direba ke jin zafinsa fiye da tara. Mai mota da ke ɗora balas ɗin da ba ya fitowa sai da gudu, shi ma a sa shi cikin lissafi. Wanda kuma ƙwaya ta riga ta kama, a buɗe masa ƙofar magani, domin ɗanmu ne, kuma korarsa daga tasha ba tare da sana'a ba tura shi ne inda ya fi muni.

Malamai na da babban rabo a nan. Addininmu ya koyar da cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, kuma ran fasinja amana ce a wuyan direba. Imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mutum alhakin sakacinsa ba. Idan liman ya faɗi haka a mumbari ranar Juma'a, hakimi da mai unguwa suka maimaita, sarkin kasuwa da sarkin fawa suka ɗauka, rabin aikin doka ya kammala kafin gwamna ya sa hannu.

Na koma mayankar nan bayan wasu makonni. Dunƙulen da aka ciro daga tumbin saniyar yana nan inda aka jefar da shi a bayan katanga, rana ta busar da shi, ko ungulu ba ta taɓa shi ba. Wasu awaki biyu suna shinshinarsa. Dattijon ya kore su da sanda, ya ɗauke shi ya jefa cikin wani tsohon buhu, ya ɗaure bakin. Abin da hannunsa zai iya kenan, kuma ya yi. Saura na masu hannun da ya fi nasa tsawo, waɗanda mutanen Dosara, Bakura da Mafara suka jefa wa ƙuri'a suka tura Gusau.